Kayan da Ke Gane Mai Su

 

Mas'alar da za mu ɗauka a sharhinmu na yau, ko da yake a farkon ji za ta yi kama da zancen mutanen wata nahiya, waɗanda wuta ba ta ɗauke musu kuma aljihunsu ba ya ƙafewa, in mai sauraro ya yi haƙuri ya bi mu zuwa ƙarshe zai ga ta riga ta iso bakin zaurensa. Masana fasaha a ƙasashe da dama sun duƙufa, shekara da shekaru, wajen neman hanyar da kayan amfanin yau da kullum, irin su ƙofa da fitila da fanka da kwalbar magani da abin hawa, za su riƙa gane mutumin da ke amfani da su, ta hanyar wata 'yar na'ura da zai ɗaura a jikinsa, agogo ne ko zobe ko awarwaro ko abin wuya, wadda za ta tsaya tsakaninsa da kayan nan ta shaida musu cewa wane ɗan wane ne ya taɓa su, a sa'a kaza, kuma ga yadda ya yi da su.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya tsaya a ƙofar Masallacin Shehu ko na Sarkin Musulmi Bello a nan Sakkwato bayan an sallame sallar Juma'a, ya duba shimfiɗar masu sayar da turare da asuwaki da huluna, zai ga ɗan carbin nan na roba da ake ɗaurawa a yatsa, mai ɗan gilashi da maɓalli biyu, babba na ƙirga, ƙarami na sharewa. Dattijo ya saƙala shi a manuniya, yana tafe yana dannawa da babban yatsa, lamba tana hawa, leɓɓansa suna motsi da istigfari. In ya isa gida ya cire ya ajiye a kan buzu don ya yi alwala, jikansa ya rarrafo ya ɗauka ya yi ta dannawa yana dariya, lamba za ta ci gaba da hawa yadda take yi ɗazu, domin na'urar ta iya ƙirga dannawa, amma ba ta da labarin cewa hannu ya sauya.

Wannan tawayar kuwa tana tare da kusan dukkan kayan da ake yi wa kirari da masu wayo. Mitar wutar da ke jikin bangonka ta san yawan abin da aka sha, amma ba ta san wanda ya bar fanka a kunne ya fita ba. Akwatin maganin nan mai na'ura, wanda ake ba masu tarin fuka a wasu ƙasashe domin likita ya san ko suna sha a kan lokaci, yana aika labari duk sa'ad da aka buɗe murfinsa, amma bai san ko majinyacin ne ya buɗe ko ɗansa ba, balle ya san ko ƙwayar ta wuce maƙogwaro. To, wannan giɓi da ke tsakanin sanin an yi abu da sanin wanda ya yi shi, shi ne masanan nan suke neman cikewa da na'urar da ke jikin mutum.

Neman hanyar ɗaure abu da mai shi tsohon al'amari ne a wurin Musulmi. Malaman sira sun ruwaito cewa lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin aika wasiƙu zuwa ga sarakunan ƙetare, aka sanar da shi cewa ba sa karanta takardar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa da zai riƙa hatimce wasiƙunsa da shi, zoben da ya zauna a hannun Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar bayansa, har ya faɗa rijiyar Arisa a zamanin Sayyidina Usman. Haka nan wasiƙun da suka riƙa fita daga wannan birni namu, daga Sarkin Musulmi da Waziri zuwa Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa, da hatimi ake gane sahihancinsu, kuma mai son ganin irin takardun wancan zamani sai ya leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin hatimi duka yana rataye ne a kan zamansa a hannun mai shi, ranar da ya bar wannan hannu kuwa shaidarsa ta zama abin tuhuma.

Na zamaninmu ya faro ne a ɗakunan bincike na Turai da Amurka. Tsakanin 1989 da 1992, ma'aikatan ɗakin binciken kamfanin Olivetti da ke Kambirij a Ingila sun riƙa rataya wani ɗan bajo a ƙirji, wanda ke fitar da wani haske da ido ba ya gani duk bayan daƙiƙa 15, na'urorin da aka kafa a ɗakuna suna karɓa, ta yadda in aka yi wa mutum waya sai ta yi ƙara a ɗakin da yake zaune a lokacin. A 1991 wani masani mai suna Mark Weiser, na kamfanin Xerox, ya rubuta maƙala yana hasashen cewa kwamfuta za ta bar kan tebur ta ɓuya a cikin kayan gida har a daina lura da ita, sa'an nan a 1999 wani Bature ɗan Ingila, Kevin Ashton, ya raɗa wa al'amarin sunan da ake kiransa da shi yau, wato intanet na kayayyaki.

Hanyoyin da ake bi wajen haɗa kaya da mai amfani da su, in an tattara, uku ne. Ta farko ita ce kusanci. Ana manna wa kayan wani ɗan guntu marar batir, irin wanda ke cikin katin banki da ake ɗorawa a kan na'urar POS ba tare da an zura shi ba, sa'an nan awarwaron da ke hannun mutum yana aika kiran rediyo mai gajeren zango, guntun yana amsawa da lambarsa in hannu ya matso. Masu bincike na kamfanin Intel a birnin Siyatil sun ƙera irin wannan awarwaro wajen shekarar 2005, da nufin a san ko tsohon da ke zaune shi kaɗai ya ɗauki butar shayinsa da kwalbar maganinsa yau, ko kuwa ya wuni bai taɓa komai ba.

Ta biyu ita ce dacewar motsi, kuma ita ce mafi ban sha'awa. A cikin kowace wayar zamani da kowane agogo mai wayo akwai wani ma'aunin motsi, ƙanƙane ƙwarai, wanda ke auna girgiza da karkata ta fuska uku, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. In aka sa irinsa a jikin kofi ko mabuɗi ko burushin haƙori, sai a gwada motsin kayan da motsin wuyan hannun kowane mutum da ke ɗakin, wanda nasa ya dace da na kayan, lokaci da lokaci, shi ne ke riƙe da shi. Misalinsa kamar mutum biyu ne a kan babur ɗaya a hanya mai gargada, ramin da ya girgiza na gaba shi zai girgiza na baya a lokaci guda, alhali wanda ke tsaye a gefen hanya bai ji komai ba. A 2014 masana na Kwalejin Dartmouth a Amurka suka fito da wani tsari mai suna ZEBRA, inda awarwaro ke gwada motsin hannun mutum da abin da ake bugawa a kwamfuta, in suka saɓa sai kwamfutar ta kulle kanta, domin likitoci kan manta su bar bayanan majinyata a buɗe su tafi wani gado.

Ta uku ita ce a mai da jikin ɗan Adam kansa wayar da saƙo ke bi. A tsakiyar shekarun 1990 wani mai bincike, Thomas Zimmerman, ya nuna cewa ana iya tura saƙo ta fatar mutum da wata 'yar wutar lantarki wadda ƙarfinta bai kai jiki ya ji ba, har mutum biyu su yi musafaha na'urorinsu su yi musayar bayani. Da wannan hanya, mariƙin ƙofa zai gane ka ne a daidai lokacin da tafinka ya taɓa shi.

To, jama'a, ina maslahar da ke cikin wannan ga mutumin Sakkwato? Akwai ta, kuma ba ƙarama ba ce. Babu wanda ya manta da ranar 24 ga Satumba, 2015, ranar Babbar Salla, da turmutsutsun Mina, inda hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769 suka rasu, kamfanin dillancin labarai na AP kuwa, da ya tattara alƙaluman ƙasashe, ya ce sun haura 2,400. Jiharmu tana cikin waɗanda musibar ta fi shafa a Nijeriya, kuma abin da ya ƙara wa iyalai ƙunci, bayan rashin kansa, shi ne makonnin da suka yi suna jira ba su san ko nasu yana asibiti ko yana cikin mamata ba, saboda gane mutum a cikin irin wannan taro aiki ne ja. A hajjin 2016 sai Saudiyya ta fara raba wa alhazai awarwaro na lantarki mai ɗauke da sunan mahajjaci da ƙasarsa da bayanin lafiyarsa, a 2024 kuma aka wajabta katin Nusuk da ake ratayawa a wuya. Tsohuwar da ta fito daga Tangaza ko Isa, ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci, in ta ɓace ko ta suma, abin da ke hannunta zai yi magana a madadinta.

Haka nan a sha'anin jarirai. A yankin Udaipur na ƙasar Indiya, wata ƙungiya mai suna Khushi Baby ta lura cewa katin rigakafi na takarda yakan ɓace ko ya jiƙe, amma baƙin zaren da iyaye ke ɗaura wa jariri a wuya ba ya rabuwa da shi, sai suka sa ɗan guntun nan a jikin irin wannan zare, ma'aikaciyar lafiya ta kara wayarta ta ga alluran da aka yi wa yaro da waɗanda suka rage. Nan kusa da mu ma, a ƙaramar hukumar Bunza ta jihar Kabi, an gwada wani ɗan madauri da ake sa wa jariri a ƙafa, mai launi da ke tafiya sannu a hankali, in ya kai ƙarshe uwa ta san lokacin komawa asibiti ya yi. Kuma a yaƙin da aka yi da cutar shan inna, an riƙa ba ayarin masu ɗiga rigakafi a jihohin Arewa wayoyi masu nuna inda mutum ya taka, da yamma a ɗora sawunsu a kan taswira a ga rugar da aka tsallake da unguwar da ba a shiga ba, wannan kuwa yana cikin dabarun da aka yi aiki da su har aka kai ranar 25 ga Agusta, 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Sai dai fa, masu ƙera waɗannan kaya sun gina su ne a kan wani zato da suka ɗauko daga zamansu, cewa kowane abu yana da mai shi guda ɗaya, kuma kowane mutum yana da nasa. Zaman Bahaushe kuwa an gina shi ne a kan aro da tarayya. Waya ɗaya tana yi wa gida guda hidima, maigida ya fita da ita da safe, uwargida ta kira 'yan'uwanta da ita da dare, yaro ya duba sakamakon jarrabawa. Babur ɗaya, mai shi ya ba ɗan kabu-kabu yana kawo masa balas kowace yamma, shi kuma in ya gaji ko zai je ɗaurin aure ya miƙa wa ƙanensa ya ɗan zaga. Keken ɗinki da injin markaɗe da famfon ban-ruwa na fadamar Rima, duk haka suke yawo daga hannu zuwa hannu, kuma fiƙihunmu ya san da haka, shi ya sa aka ware babin aro da babin ajiya da babin haya da babin tsintuwa, kowane da hukuncinsa, a cikin Risala da Muhtasar. Na'urar da ba ta san komai ba sai mai abu da ɓarawo, wadda za ta kashe babur a tsakiyar titi don wanda ke kansa ba shi ne mai agogon ba, za ta mai da ɗan'uwa abin zargi, ta kuma toshe ƙofar taimakon da talaka ke rayuwa da shi.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi jikinmu da ƙasarmu, waɗanda ba lallai ne maƙerin da ke Kalifoniya ya yi tunaninsu ba. Musulmi yana wanke hannuwansa zuwa gwiwar hannu a kowace alwala, kuma wajibi ne ruwa ya kai ga fata, saboda haka mai agogo sai ya cire ko ya sassauta shi sau da dama a wuni, alhali agogo irin Apple Watch, da zarar ya bar fata, yakan kulle kansa sai an sake buga lambar sirri. Malikawa sun yi rangwame ga zoben azurfa na namiji wanda bai wuce nauyin dirhami biyu ba, amma zoben da ke cike da batir da wayoyi, wanda aka ƙera da wani ƙarfe dabam, mas'ala ce da ke jiran malamanmu su duba. Sa'an nan yawancin na'urorin nan suna auna bugun zuciya da iskar jini ne da haske da suke haskawa cikin fata, kuma a watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Mishigan suka wallafa binciken da ya nuna cewa na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa takan kasa gano ƙarancin iska a jinin baƙar fata kusan ninki uku a kan yadda take kasawa ga farar fata. Ko lallen da mata ke ƙunsawa, hukumar JAMB ta sha gargaɗin ɗalibai cewa yana hana na'ura karanta zanen yatsa. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 yana cin batir, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ba ta da alkawari. Kuma ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga. Duk ƙofar da ba ta buɗuwa sai ta nemi izini daga intanet, a irin wannan rana mai gida a waje zai kwana.

Mafsadar da ta fi waɗannan girma ita ce ta tajassusi, wanda Alƙur'ani mai girma ya hana a Suratul Hujurat, kamar yadda ya wajabta neman izini kafin shiga gidan wani a Suratun Nur. Abin da ya san lokacin da ka buɗe ƙofa, da lokacin da ka kwanta, da ɗakin da ka kwana, da yadda zuciyarka ta buga da ka ga wane, ya san abin da maƙwabcinka na shekara talatin bai sani ba, kuma ba a hannunka labarin ke tsayawa ba, yana tafiya ne rumbun wani kamfani a wata ƙasa. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da kamfanin Strava ya wallafa, ta hanyoyin da masu motsa jiki ke bi da agogunansu, ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka da na ƙawayenta a Siriya da Afganistan, har aka hango wasu a hamadar Nijar. In rundunar da ke da ma'aikatan sirri ta yi wannan tuntuɓe, ina ga ɗan kasuwar da ke tasowa daga kasuwar Illela da kuɗi a jiki, a zamanin da masu garkuwa da mutane ke sayen labari? A cikin gida ma, mijin da ya ɗaura wa matarsa irin wannan abu da sunan kyauta alhali nufinsa leƙen asiri, ko maigidan da ya sa wa yaran shagonsa don ya ƙirga sau nawa suka zauna, ya sani ya ɗauko abin da zai cinye amanar da ke tsakani.

Har ila yau, duk lokacin da aka ɗaure dukiya da jikin mai ita, an jawo wa jikin haɗarin da dā dukiyar kaɗai ke ciki. A 2005, a ƙasar Malesiya, 'yan fashi sun ƙwace wata mota ƙirar Mercedes wadda ba ta tashi sai da zanen yatsan mai ita, da suka ga haka sai suka sare kan yatsan suka tafi da shi. Ta wannan fuska, awarwaro ko zoben da za a iya zarewa a miƙa ya fi aminci a kan abin da aka dasa a ƙarƙashin fata, irin wanda dubban mutane suka yarda aka sa musu a hannu a ƙasar Suwidin. Dukiya ana mayar da ita, gaɓa kuwa ba ta da madadi.

Saura mas'alar shaida, wadda nan gaba kaɗan za ta iso gaban alƙalanmu, in ma ba ta riga ta iso ba. Idan na'ura ta ce agogon wane ne ya buɗe shagon da aka yi sata da tsakar dare, me wannan magana ta tabbatar? Ta tabbatar da cewa agogon yana wurin, amma hannun da ke cikinsa sai an bincika. Tsarin ZEBRA ɗin nan da muka ambata, shekara biyu bayan fitowarsa wasu masana suka nuna cewa mai kallon hannun mutum yana kwaikwayon bugunsa zai iya yaudararsa. Malamanmu na Malikiyya, irin su Ibn Farhun a cikin Tabsiratul Hukkam, sun yarda alƙali ya yi la'akari da alamomin da ke kewaye da al'amari, wato ƙarina, amma sun san alama takan yi gaskiya takan kuma yi ƙarya. Ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta ishe mu darasi, domin a cikinta riga ta zama alama sau biyu a wajen ƙara: ta farko an shafa mata jinin ƙarya don a yaudari mahaifi, ta biyu kuwa yagewarta ta baya ce ta wanke shi. Maganar na'ura a saurare ta a matsayin alama, a haɗa ta da sauran hujjoji, kada a ɗaure bawan Allah da ita kaɗai.

Hukuncinmu a wannan al'amari, bayan mun auna maslaha da mafsada, shi ne a karɓe shi hannu biyu a inda rai da lafiya suke, wato ga mahajjaci da jariri da mai ciwon sukari da tsohon da mantuwa ta kama, bisa sharaɗin mutum ko waliyyinsa ya san abin da aka ɗaura masa ya kuma yarda, yana da ikon cirewa duk sa'ad da ya so, kuma kayan suna aiki ko da babu intanet. A inda kuwa manufar ita ce sa ido a kan wanda ba shi da ƙarfin cewa a'a, a bar shi, ko da kyauta aka kawo.

Muna kira ga malamai da ɗaliban injiniya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da likitocin asibitin koyarwarta, da Cibiyar Binciken Makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana, da kada su tsaya jiran abin da jirgi zai sauke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya zauna ya yi talifi a kan ciwon ido da basir domin amfanin jama'arsa, saboda haka neman ilmin da zai yi wa talaka magani gado ne a wannan birni. A ƙera mana makullin babur da ya san aro, wanda mai shi zai iya ba ƙanensa izinin wuni ɗaya, da akwatin magani da zai bambanta na maigida da na uwargida, da ma'aunin da aka gwada a kan fatarmu, a cikin zafinmu. Muna kuma tunatar da hukumomi cewa tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da aka kafa don tsaron ta, dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin janye yardarsa da neman a share bayanansa, amma dokar da ba a fassara ta da Hausa an karanta a rediyo ba, mutumin Gidan Madi bai san yana da ita ba.

Kai kuma mai sauraro, ranar da ɗanka ya kawo maka agogon nan tsaraba, ko wani ma'aikaci ya zo zai ɗaura wa jaririnka madauri, ka yi masa godiya, sa'an nan ka tambaye shi abin da na'urar ke rubutawa a kanka, da wanda ke karantawa, da abin da zai faru in ka cire ta ko ka ba wani aro. In ya amsa maka dalla-dalla, ka yi bisimilla ka ɗaura. In ya yi ta kame-kame, ka ajiye ta tukuna har ka sami mai yi maka bayani.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana mutuncinmu da asirinmu.